Kafin Ka Sayi Kashi Na Biyu Na Wasan Da Kake So: Jagora Ga Mai Saye A Yamai

Wanda ya ƙare God of War na 2018, ko ya shekara da shekaru yana buga wasan ƙwallo na PES da abokansa, ranar da aka ce na gaba ya fito ba ya son jin maganar lissafi. Amma kuɗin ba kaɗan ba ne. A Turai manyan sabbin wasannin PS5 suna fitowa a kan yuro 70 zuwa 80. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ke nan jika 46 zuwa jika 52 da ɗoriya, tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan da ribar mai shago ba. Sunan da ke jikin kwali ba ya tabbatar da komai. Shawararmu ita ce ka fara da abin da ke ɗakinka: inji, wurin ajiya, rezo da wuta. In waɗannan sun ɗauka, sannan ka koma kan wasan kansa. Mutane da yawa suna fara duba kyawun wasa, su biya, sai a gida su tarar injinsu bai san faifan ba.

Mataki na farko: injinka zai karanta shi?

PS4 ta fito a Nuwamba 2013, PS5 a Nuwamba 2020, kuma tun daga 2023 wasanni da yawa sun bar PS4 a baya. Marvel's Spider-Man na 2018 na PS4 ne, Miles Morales na 2020 ya fito a duka biyun, amma Spider-Man 2 na Oktoba 2023 babu shi a PS4 sam. Tekken 7 yana PS4, Tekken 8 na Janairu 2024 ba ya nan. Mortal Kombat 11 na 2019 yana nan, Mortal Kombat 1 na 2023 babu. GTA VI kuwa, PS5 da Xbox Series aka ambata masa. Duk wanda ya ce zai sa maka ɗaya daga cikin waɗannan a PS4, ko dai bai sani ba, ko wani abu daban zai ba ka. A ɗaya gefen, God of War Ragnarök na Nuwamba 2022 da Horizon Forbidden West da Street Fighter 6 duk suna da na PS4.

Ka dubi saman kwali. Na PS4 shuɗin layi ne, na PS5 fari. PS5 tana karanta kusan duk faifan PS4, PS4 kuwa ba ta karanta na PS5. Akwai kuma PS5 marar ramin faifai, wadda sai dai a sauke wasa daga intanet. In ita gare ka, sayen faifai asara ce kai tsaye, sai fa in siririyar ce ta ƙarshen 2023 ko PS5 Pro, waɗanda ake iya ɗaura wa mai karanta faifai daban, shi ma sai an haɗa da intanet a karon farko kafin ya yi aiki.

In kashi na biyun zai tilasta maka sayen sabon inji, to ka daina lissafin wasa, lissafin inji kake yi. Ka haɗa da manet: ta PS4 ba ta buga wasannin PS5, ko da ka haɗa ta da PS5. Mai buga ƙwallo ko dambe da ɗan'uwansa sai ya sayi manet ta biyu. Wasa ɗaya tak bai isa dalilin sauya inji ba. In ka ƙirga wasanni huɗu ko biyar da kake so waɗanda babu su a naka, magana ta fara tsayuwa.

Mai kwamfuta ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta dxdiag. Zai ga sunan kwakwalwar injin, yawan RAM (wurin da inji ke riƙe abin da yake aiki a kai), da sunan katin hoto a shafi na gaba. Ya kwatanta da abin da kamfanin wasan ya rubuta. Tazarar da ke tsakanin tsohon wasa da sabo tana da girma: bugun GTA V na farko a kwamfuta yana tashi da RAM giga 4, amma EA Sports FC 24 mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne giga 8 da kati irin GTX 1050 Ti da wuri giga 100. Kwamfutocin ofis na hannu da ake samu a kasuwa galibi ba su da katin hoto na daban, sai wanda ke haɗe cikin kwakwalwar. Irin wannan, ko ka ƙara RAM ba za ta ɗauki sabon babban wasa ba. Kuma mafi ƙarancin da suke rubutawa ma'anarsa wasan zai buɗe, ba wai zai yi daɗin bugawa ba. Jeri na biyu da suke rubutawa, wanda suka ba da shawara a kai, shi za ka bi.

Wata magana da ba a cika faɗa ba: PS4 da yawa a gari an buɗe su an loda musu wasanni. Irin wannan injin yana zaune ne a kan tsohuwar manhaja, kamar 9.00 ko 11.00. Sabon faifai na asali yakan nemi a sabunta manhajar kafin ya tashi, kuma in ka yarda ka sabunta, babu komawa baya, wasannin da aka loda za su daina buɗewa. Ka shiga saituna ka duba lambar manhajarka kafin ka kai faifai gida, ka san abin da za ka rasa.

Mataki na biyu: suna ɗaya, wasa daban

Ko da wasan ya fito a injinka, ba lallai ne shi ne wanda ka gani a talla ba. Tallar ana ɗaukarta a inji mafi ƙarfi. FC 24 na PS5 yana da tsarin motsin ƴan wasa da suke kira HyperMotionV, na PS4 ba shi da shi. Masu Nintendo Switch sun sha wannan shekaru a jere: daga FIFA 20 zuwa FIFA 23 abin da ake sauyawa riguna ne da sunayen ƴan wasa, salon bugu yana nan yadda yake. Mafi muni shi ne Cyberpunk 2077 a Disamba 2020. A PS4 ya fito da matsaloli har Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yuni 2021.

Saboda haka in za ka nemi bidiyo a YouTube, ka rubuta sunan wasan tare da sunan injinka, ka zaɓi na wani yana bugawa na minti 20 ko 30 ba tare da an yanka ba. Ka lura da wurin da mutane ko motoci suka yi yawa a allo, nan ne tsohon inji ke sarƙewa. Ka lura da tsawon jira bayan an mutu, kafin a sake farawa. Bidiyon minti biyu mai kiɗa da yanke-yanke ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mataki na uku: wuri, rezo da wuta

Nan ne mai saye a Yamai ko Tawa ya bambanta da mai saye a Paris, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

PS4 mai giga 500, abin da kake iya amfani da shi bai wuce wajen giga 408 ba. PS5 ta farko an rubuta 825, amma wajen 667 ne naka. Kashi na biyu kusan kullum ya fi na farko nauyi. Red Dead Redemption 2 da The Last of Us Part II kowane da faifai biyu ya zo a PS4, kuma kowane yana neman wajen giga 100. PS4 tana da wata ɗabi'a kuma: lokacin sabuntawa takan kwafi fayilolin wasan kafin ta ɗora sabo, don haka tana neman wurin da ya fi girman abin da aka sauke nesa ba kusa ba. Ka bar sarari mai yawa. In wuri ya ƙare, PS4 tana karɓar rumbun waje mai USB 3.0, daga giga 250 zuwa tera 8, kuma ana buga wasa daga cikinsa. PS5 dai tana ajiye wasanninta a rumbun USB amma ba ta buga su daga can, sai an mayar ciki ko an sa mata rumbun ciki mai sauri, wato SSD irin M.2.

Sai maganar saukewa. Lissafin yana da sauƙi: giga ɗaya megabit 8,000 ne. Wasa mai giga 50 a rezo mai gudun megabit 10 zai ci sama da awa 11, in bai yanke ba. Mai giga 100 a gudun megabit 5 zai ci awa 44. Ka gwada gudun naka da yamma, lokacin da kowa ke kan waya, ba da asuba ba. Sannan ka tambayi nawa ne forfen da zai ɗauki wannan nauyin a Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, ka ɗora a kan kuɗin wasan. Sau da yawa wasan da aka rage wa kuɗi a shagon intanet, in ka haɗa da kuɗin saukewa, ya fi faifan hannu tsada. Har wasan da ake ba da shi kyauta ba kyauta ba ne a nan.

Kada ka ɗauka faifai ya raba ka da intanet. Wasu faifan maɓalli ne kawai. Call of Duty: Modern Warfare II na 2022, abin da ke cikin faifansa bai kai giga ɗaya ba, sauran duk sai an sauke. Gran Turismo 7 yana buƙatar intanet a yawancin sassansa ko kai kaɗai kake tsere, kuma a Maris 2022 da kamfanin ya tsayar da shi don gyara, masu shi sun yi sama da kwana ɗaya ba su iya bugawa yadda ya kamata ba. The Crew kuwa, Ubisoft ta rufe shi a ƙarshen Maris 2024, duk mai faifansa ya zauna da roba a hannu. Ka juya bayan kwali ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. A na Faransa za ka ga an rubuta ko ana buƙatar intanet, da mafi ƙarancin wurin ajiya, da ko ana buƙatar PlayStation Plus. Wannan na ƙarshen kuɗi ne na wata-wata ko na shekara, kuma ba a buga wasan da aka saya da mutanen nesa sai da shi. Wasannin kyauta irin eFootball da Fortnite ba sa nemansa.

Wuta ita ce ta uku. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, buƙatar wuta tana ƙaruwa, yankewa ma haka. Littafin da ke zuwa da PlayStation ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 da 35. Sabon wasa mai nauyi yana matsa wa tsohon inji fiye da wanda ka saba bugawa, fankar ciki ta riƙa ƙara, in ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska sai inji ya kashe kansa. Kafin ka sa wa PS4 wasa irin Ragnarök, ka kai a buɗe a share ƙura, a sake man da ke tsakanin kwakwalwa da ƙarfen sanyaya ta in ta haura shekara huɗu ko biyar. Ka ajiye ta a fili, ba cikin akwatin tele ba, da tazarar santimita 10 aƙalla daga bango.

Yankewar wuta a tsakiyar girkawa ko ajiye ci gaba ita ce ke lalata fayil. Ondilar, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintuna, ta fi wani sabon wasa amfani ga wanda ba shi da ita. PS5 tana jan wajen watt 200 a cikin wasa, sai ka ƙara na tele, ka sayi wadda ta fi jimillar da rata. Ba don ka ci gaba da bugawa ba ne, don ka samu minti biyu ka ajiye ka kashe.

Mataki na huɗu: me ka so a na farko?

In ɗaki ya ɗauka, yanzu a zo kan wasa. Ka ɗauki takarda ka rubuta abu uku da suka riƙe ka a na farkon, kuma ka faɗe su dalla-dalla. “Yana da daɗi” ba amsa ba ce. Labarin ne? Yadda ake faɗa da makami? Yawo a gari ba tare da an ce ka je nan ko can ba? Ko kuwa zaman da ake yi mutum huɗu a tabarma ana karɓa-karɓa da manet? Sannan ka binciki ko waɗannan ukun suna cikin sabon.

Misalin da masu ƙwallo ba za su manta ba shi ne na Konami. PES 2021 shi ne na ƙarshe da wannan suna. A ƙarshen Satumba 2021 aka fito da eFootball 2022 a madadinsa, kyauta, babu faifai, kuma babu Master League, sashen da mutane da yawa suke sayen PES dominsa. Wanda abin da yake so shi ne ya ɗauki ƙaramar ƙungiya ya gina ta kaka bayan kaka ba tare da intanet ba, sabon bai ba shi komai ba, tsohon faifansa ya fi masa. Wanda yake son karawa da mutanen nesa kuwa ya samu abin yi. Wasa ɗaya, amsa biyu, gwargwadon abin da ke kan takardar kowa.

Ka duba su wa suka yi shi. Sunan Call of Duty ɗaya ne, amma yawancin Modern Warfare na kamfanin Infinity Ward ne, Black Ops na Treyarch, kuma hannunsu ba ɗaya ba ne. Sauyin ma'aikata ba kullum ne yake ɓata wasa ba: Cory Barlog ne ya jagoranci God of War na 2018, Eric Williams ya jagoranci Ragnarök, kuma salon bai karye ba. Amma in ka ga an sauya kamfani gaba ɗaya, ka ƙara jira ka ji bakin waɗanda suka buga.

Wajen karanta ra'ayi, shafin jeuxvideo.com yana ba da maki a kan 20 da Faransanci, Metacritic yana tara makin jaridu da yawa a kan 100. Lambar ba ita ce abin dubawa ba. Ka karanta abin da aka kushe, ka ga ko ya taɓa ɗaya daga cikin ukun da ka rubuta. In an ce labarin ya yi rauni amma faɗan ya fi na da, kai kuma faɗa kake so, kushen bai shafe ka ba. Ra'ayin makon farko kuma a yi hattara da shi, masu murna da masu fushi duk suna wuce gona da iri.

Hanya mafi inganci ita ce ka riƙe manet da hannunka. Ka je ɗakin wasa na unguwa ka biya awa ɗaya, ko ka ari faifan aboki na kwana biyu. Awa ɗaya tana gaya maka nauyin motsi da saurin amsa maɓalli, abin da bidiyo ba ya nunawa. Kuma in ba ka ƙare na farkon ba, ka tambayi kanka dalili. In gajiya ka yi da shi, na biyun yawanci ya fi tsawo.

Ga iyaye da yayye masu saya wa yara: lambar shekaru tana gaban kwali. Na Turai, da ake kira PEGI, 3, 7, 12, 16 ko 18 ne. GTA V da God of War da Mortal Kombat duk 18 ne, kuma ba don wuyar bugawa aka sa ba, don jini da tsiraici da zagi ne. Kashi na biyu yana iya ɗaukar lambar da ta fi ta na farko, don haka a sake dubawa. A duba kuma alamar saye a cikin wasa, a sa kalmar sirri a kan biyan kuɗi.

Wasan ƙwallo na shekara-shekara

Wannan yana da nasa hukunci, don shi aka fi saya. FIFA 23 ne na ƙarshe da sunan FIFA, daga Satumba 2023 ya koma EA Sports FC, kuma duk ƙarshen Satumba sabo yake fitowa. Mai buga Ultimate Team, sashen da ake tara ƴan wasa a kafa ƙungiya a kara a intanet, ya sani cewa ƴan wasan da ya tara da sulallan cikin wasa ba sa bin sa zuwa sabuwar shekara, daga sifili zai fara, kuma jama'a suna ƙaura zuwa sabon. Shi kusan dole ne ya bi, in dai rezonsa yana ɗauka. Amma mai bugawa a gida da abokai, musamman a PS4, abin da zai samu galibi sabbin riguna ne da sauyin ƴan wasa. A ganinmu ya sayi ɗaya ya tsallake ɗaya ko biyu, ba zai rasa abin kirki ba. Faifan ƙwallo kuma shi ne mafi saurin faɗuwar daraja: da sabo ya fito, na bara ya zama abin da ake roƙon a saya.

Mai ɗakin wasa lissafinsa daban. Yara suna zuwa inda sabbin ƙungiyoyi suke, in maƙwabcinsa ya sa sabo shi bai sa ba, kujerunsa za su zama wayam. Duk da haka ya ƙirga. Wasa mai minti 6 kowane rabi yana cin wajen minti 15 da zaɓen ƙungiya, wato huɗu a awa. A ce ana biyan sefa 100 a wasa, faifan kuma jika 50 ne: wasa 500 ke nan, awa 125 na bugu a inji ɗaya, ba a cire kuɗin wuta da gyaran manet ba. Wasan labari na mutum ɗaya ba ya mayar da kuɗinsa a irin wannan wuri. Ƙwallo da dambe da tsere, waɗanda mutum biyu ke bugawa a allo ɗaya, su ne na kasuwa.

Mataki na biyar: yaushe, kuma nawa?

Ranar fitowa ita ce ranar da wasa ya fi tsada kuma ya fi yawan kurakurai. Biyan kuɗi tun kafin ya fito ba shi da wata fa'ida ga mai zama a Nijar. Bayan wata uku zuwa shida an gyara manyan matsaloli, faifan hannu sun fara yawo, kuma ragi ya fara. Shagon PlayStation yana yin babban ragi a ƙarshen Nuwamba da kuma wajen farkon Yuni, Steam, shagon wasannin kwamfuta a intanet, a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. Wanda ya kamata ya saya da wuri shi ne wanda abokan bugunsa na intanet duk suka koma can, ko wanda labarin ne ya dame shi kuma yana tsoron a ba shi ƙarshensa a TikTok.

Ka auna kuɗi da awanni. Shafin HowLongToBeat yana nuna tsawon kowane wasa. Labarin Spider-Man na 2018 yana kai wajen awa 17, na Miles Morales wajen awa 8 ne. Ragnarök ya haura awa 25 ko ba ka bi ƙananan ayyuka ba. Ka cire abin da za ka samu in ka sayar da faifan daga abin da ka biya, ka raba da awannin. A ce ka saya jika 30 ka sayar jika 20 bayan ka ƙare: jika 10 ka kashe. Wanda ya saya a intanet ba shi da abin sayarwa ko musaya, har abada yana kan kont ɗinsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa faifai ya fi dacewa da wasan labari da ake bugawa sau ɗaya.

Bugu na musamman masu kalmar Deluxe ko Ultimate, yawancin abin da ke ciki riguna ne da kayan ado. Ka bar su. In kuma na hannu ne, ka yi hankali: ƙarin da ke cikin wasu, kamar Spider-Man bugun Game of the Year, lamba ce a takarda da ake amfani da ita sau ɗaya. Mai shi na farko ya riga ya cinye ta, kada ka biya kuɗinta.

Mataki na shida: a gaban mai shago

Ko a Babbar Kasuwa ne, ko Katako, ko wajen wani da kuka haɗu a WhatsApp, ka buɗe kwali a gabansa. Ka tabbatar faifan da ke ciki shi ne na kwalin, in mai faifai biyu ne ka ga duka biyun, don na girkawa shi ake yawan mantawa. Ka ɗaga shi a haske ka juya. Ƙananan zane marasa zurfi ba su cika hana Blu-ray aiki ba. Tsagewa a bakin ramin tsakiya ita ce ba ta da magani, tana ƙara buɗewa duk lokacin da faifai ya juya. Ka ce a sa a inji ka ga ya fara girkawa, kuma ku yi magana a fili tun kafin kuɗi ya fita: in ya tsaya a tsakiya a gida, kwana nawa gare ka ka dawo da shi?

Ka duba harshe a bayan kwali. Faifan da ya biyo ta Najeriya ko Dubai yana iya zuwa ba Faransanci, kuma wasan labari na awa 30 a harshen da ba ka ji wahala ce. Ka duba yanki ma. Faifan PlayStation yana aiki a injin kowane yanki, amma ƙarin da ake saya daga baya sai yankinsa ya dace da na faifan. Alamar PEGI ta Turai ce, alamar ESRB mai haruffa irin E da T da M ta Amurka ce. Tun da Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe kont, da yawa Faransa suke zaɓa. Mai kont na Faransa ya nemi faifan Turai, kuma katin kuɗin da zai saya ya zama na Faransa. Katin Amurka ba ya shiga kont na Faransa, kuma mai sayarwa ba zai karɓi lambar da ya riga ya tura ba. Ka faɗi ƙasar kont ɗinka a rubuce kafin ka tura kuɗi.

Akwai masu sayar da wasa da araha ta hanyar ba ka kont ɗinsu ka sauke. Ka san cewa wasan ba naka ba ne. Ranar da mai kont ya sauya kalmar sirri, ko ya mayar da wani inji ya zama babban injinsa, za ka ga ɗan kwaɗon kulle a kan hoton wasan. In kuma ba injinka ne babba a kont ɗin ba, wasan yana neman intanet don ya tabbatar da izini, rezo na yankewa yana rufewa. In a naka kont ka saya, shagon PlayStation yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar ba ka fara saukewa ba. Steam ya fi sauƙi: cikin kwana 14, in ba ka buga sama da awa 2 ba. Mai kwamfuta ya yi amfani da awa biyun nan wajen gwada ko injinsa yana ɗauka, ba wajen kallon bidiyon farko ba.

Girkawa

Ka zaɓi lokacin da wuta ta fi zama a unguwarku, ka sa ondilar. Ka kwafi ci gaban tsohon wasanka zuwa kile USB in PS4 ce, kafin ka goge wani abu don samar da wuri. In wasan ba ya buƙatar intanet, ka cire injin daga rezo ka bar faifai ya gama girkawa tukuna, don kada sabuntawa mai giga da yawa ta fara da kanta ta cinye forfe. Daga baya ka duba girmanta ka yanke shawara.

In wasan yana rufewa da kansa a PS4 yana nuna CE-34878-0, kada ka yi saurin cewa faifan ne. Ka kashe injin gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu bayan wajen daƙiƙa 7, ka haɗa manet da wayar USB, ka zaɓi sake gina ma'ajiyar bayanai. Wannan ba ya goge wasanni. Ka kula kada ka danna na ƙasa, masu mayar da inji sabo, su suna share komai. In bayan haka girkawa tana tsayawa a wuri ɗaya kowane lokaci, alhali sauran faifanka suna tafiya lafiya, laifin faifan ne, ka mayar wa mai shi cikin kwanakin da kuka yi alkawari.